Ƙashi da kashi: shekara guda ina ciyar da Kyaftin da abincin 'yan kwikwiyon manyan karnuka

Jiya na buɗe buhu na goma sha ɗaya, kuma da alama shi ne na ƙarshe da zan saya na wannan kalar, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na gani tun kafin in manta, don lokacin da nake nema ni ban samu wanda ya yi min bayani tsakani da Allah ba, kowa sai dai ya ce maka "yana da kyau sosai" ko "kar ka saya", shikenan, ba dalili ba komai. Sunan kamfanin kam ba zan faɗa ba, kar a ce talla nake musu, kar kuma a ce ɓata musu suna na zo yi, tunda akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe. Abin da zan faɗa shi ne busasshen abinci ne irin mai ƙwaya-ƙwaya ɗin nan, buhu mai kilo 12, wanda aka rubuta a gabansa cewa na 'yan kwikwiyon manyan karnuka ne. Zan kawo lambobin da ke bayan buhun, duk wanda ke da buhu a gida sai ya juya nasa ya gwada.

Karen nawa Jaman Shefad ne, wasu Alseshan suke ce musu, namiji. Na sa masa Kyaftin saboda mutumin da ya kafa irin a Jamus a 1899, Max von Stephanitz, kyaftin ne na sojan doki, kuma shi don kiwon tumaki ya so su, ba don gadin gida ba kamar yadda yawancinmu muka ɗauka. Yana da sati 8 na karɓo shi, kilo 7 da ɗan ɗoriya, ƙafafu kamar an aro masa na wani, kunne duk a kwance.

To ni dai in faɗi gaskiya burina a lokacin ƙato nake so. Irin wanda in ya tsaya a bakin ƙofa baƙo zai ja da baya tun kafin ya yi haushi. Ƙanina kuma shi ne mai zuga ni, kullum "Yaya ka ƙara masa, Yaya ka siyo masa ƙwayar kalsiyam ɗin nan, ka ga na wane wata huɗu ya kai kilo ashirin da biyar". Har na siyo ƙwayar fa, tana nan a durowa har yau ban ɓare ta ba. Ranar da muka je allurar riga-kafi ta biyu na ɗauko robar na nuna wa likitar dabbobin ina jiran ta yaba min, sai ta kalle ni ta ce "Malam, ka ga iyayensa?" Na ce na gani, uban kilo 37 uwar 29. Ta ce to tsakanin nan zai tsaya, ko ka ba shi buhu guda a rana ko ka ba shi daidai, bambancin kawai shi ne a wane hali ƙasusuwansa za su isa wurin. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don ni duk a zatona abinci ne ke yin girman kare. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tsawo da faɗin ƙashi gado ne, abinci mai yawa saurin kaiwa kawai yake ƙarawa, da kitse, kuma saurin nan shi ne matsalar. A ƙa'idar irin, namiji yana kai santimita 60 zuwa 65 a kafaɗa, nauyi kilo 30 zuwa 40, mace kuma santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Duk wanda ya nuna maka nasa ya ce kilo 55 ne, to ko dai an gauraya jinin ko kuma teɓa ce yake maka alfahari da ita.

Ita ce ta ce in nemi abincin da aka yi musamman don manyan karnuka masu tasowa, ta kuma koya min inda zan duba. Ga abin da ke jikin nawa buhun: furotin kashi 28 cikin ɗari, maiƙo 14, kalsiyam 1.2, fosfaras 1.0, danshi 10, sannan kalori 3,700 a kowane kilo. Abu na farko a jerin kayan haɗi naman kaza ne da aka busar aka niƙa, sai shinkafa, sai masara, can ƙasa akwai man kifi. Mutane sun fi kallon furotin, wai in ya yi yawa zai lalata ƙafa, wasu kuma in bai kai talatin da wani abu ba ba sa saye, alhali lambar da ta fi kowacce muhimmanci ga irin wannan karen ita ce ta kalsiyam. Akwai wata ƙungiya a Amurka, AAFCO, da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, a wurinsu abincin ɗan kwikwiyo kar furotin ya gaza kashi 22.5, kar maiƙo ya gaza 8.5, kar kalsiyam ya gaza 1.2, amma ga karen da zai kai fam 70 in ya girma, wato wajen kilo 32, kar kalsiyam ɗin ya wuce 1.8. Lissafin nasu kuma bayan an cire danshi ne, so in buhunka ya ce 1.2 da danshi 10 sai ka raba da 0.9, zai ba ka wajen 1.33, ka ga nawa yana ciki daram. Akwai ma wani ɗan layi da ake rubutawa da ƙananan baƙi cewa abincin ya dace da girman manyan karnuka masu fam 70 zuwa sama, wasu buhunan kuma akasin haka suke rubutawa, wato ya dace da kowa ban da su, kuma kalma ɗaya ce tal ta raba biyun, sai ka sa ido sosai.

Dalilin da ya sa ake tsoron kalsiyam ɗin shi ne, babban kare in ya ci fiye da buƙatarsa hanjinsa na iya rage abin da yake tsotsa, amma ɗan kwikwiyo musamman kafin wata shida bai iya wannan ba tukuna, abin da aka zuba masa shi zai shige jini, daga nan sai ya hargitsa yadda guringuntsi ke zama ƙashi a gaɓoɓi. An gwada wannan tun shekarun 1980 a jami'ar Utrecht da ke Holan a kan 'yan kwikwiyon Giret Den, wani irin ƙaton kare, waɗanda aka cika wa kalsiyam su ne suka fito da lalurar gaɓoɓi da karkatattun ƙafafu. Wato ƙwayar da na siyo da niyyar in ƙarfafa masa ƙashi ita ce za ta iya nakasa shi. Ƙanin nawa har yanzu bai gama yarda ba amma dai ya daina maganar.

Yanzu bari in zo kan shi abincin kansa, in fara da kashi, wanda babu lanƙwasa a kan harafinsa, don mai kare ya san babu abin da ke gaya maka gaskiyar abinci kamar abin da za ka kwashe da safe. Satin farko zawo muka sha, kuma wannan laifina ne ɗari bisa ɗari ba na buhun ba, mai kiwon da na karɓo shi a wurinsa ya ƙullo min ɗan abincin da ya saba ci, ni kuma don ɗoki rana ɗaya na juye masa sabon gaba ɗaya, tab, kwana uku ina wankin ƙasa. Sai da na koma na bi yadda ake yi, kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu sabo sauran tsoho, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu uku cikin huɗu, a na bakwai sabon zalla. Tun daga nan cikinsa ya zauna. Kashin na fita a dunƙule, mai duhu, ba shi da yawa, ka ɗauke ba ya barin shaida a ƙasa, kuma ga irin nan da aka san su da lalurar ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekara guda sau biyu kawai ya sake yin gudawa, ɗaya ya haɗiye guntun safa, ɗayan kuma tsutsar ciki ce don na yi sakaci da lokacin maganinta. Tusa dai akwai, ba zan ɓoye muku ba, musamman watannin farko, in yana kwance kusa da kai sai ka tashi ka buɗe taga.

Yana son sa kuwa? Yana so har abin ya yi yawa. Ban taɓa yi masa dabarar zuba romo ko wani abu don ya ci ba. Sai dai ƙwayoyin sun yi wa ɗan sati tara girma, faɗinsu ya kai farcen babban yatsa, da farko sai ya ɗauka ya tofar ya sake ɗauka, dole na riƙa jiƙa masa da ruwan ɗumi minti goma kafin in ba shi, har ya kai wata uku sannan na daina. Da a ce kamfanin na yin ƙaramar ƙwaya ta watannin farko da ya fi.

Babban ƙorafina shi ne jadawalin da suka buga a bayan buhu na yawan abin da za a ba shi. Na farko rubutun ƙanana ne kamar ba sa so a karanta, sai na ɗauki hoto da waya na buɗa shi sannan nake gani. Na biyu, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa rami, layin sama ba nauyin karen na yau ba ne, nauyin da ake sa ran zai kai in ya girma ne, to ni da ke mafarkin ƙato sai na bi layin kilo 40, ga shi kuma da kofi nake awo. Kofin da suka saka a cikin buhun an ce giram 100 yake ci, ranar da na sayi ɗan sikelin kicin na gwada sai na ga in na ɗebo a shafe giram 95 ne, in na ɗebo da tozo 120, kuma wa yake shafe kofi in kare na tsalle yana kuka a gabansa? Kofi huɗu da ɗan ƙari a rana, kullum ina zarce abin da nake zato da kusan giram 80 ban sani ba. Yana wata huɗu da rabi muka koma wurin likita, ta shafa gefensa ta ce "Malam, ina haƙarƙarin?" Na yi dariya na ce ai ƙoshi ne, ta ce a ma'auninsu na 1 zuwa 9 yana kan 6, ita kuma 4 take son ganin ɗan kwikwiyon babban kare, in ya yi yawa 5. Ta kama hannuna ta ce in shafa bayan tafin hannuna daidai ƙasusuwan da ke bin yatsu, ta ce haka ya kamata haƙarƙarinsa ya ji, fata da ɗan nama kaɗan a kai, ba sai ka danna ba, in ka tsaya a kansa ka leƙo ka ga ƙugu ya shiga, in ka duba ta gefe ka ga ciki ya ɗage sama.

Sai ta yi min lissafin da tun ranar na daina dogara da bayan buhu. Ka ɗauki nauyinsa na yau, a ce kilo 20, ka ninka shi da kansa sau uku, 20 sau 20 sau 20, ya ba ka 8,000, sai ka danna alamar √ ɗin nan ta kalkuleta sau biyu, zai ba ka kusan 9.5, ka ninka da 70, ya zama wajen 660. Wannan shi ne kalorin da jikinsa ke ƙonawa ko yana kwance bai motsa ba. Ɗan ƙasa da wata huɗu ana ninka masa sau 3, wanda ya wuce wata huɗu sau 2. To Kyaftin kenan wajen kalori 1,320, in ka raba da 3.7 tunda kowane giram na wannan abincin kalori 3.7 ne, ya kama giram 360 a rana. Ni kuwa tsakanin jadawali da tozon kofi ina zuba masa kusan 480. Ta ce lissafin ma mafari ne kawai, kare mai yawan guje-guje zai buƙaci ƙari, hannunka a kan haƙarƙarinsa shi ne alƙali. Mun ƙare a giram 390, cikin sati uku ƙugu ya fito. Wani abin da na lura da shi, lokacin da nake cika masa ciki kashin safe lafiya lau amma na yamma sai ya yi laushi, da na rage abincin shi ma ya daidaita, ashe ba ciwo ba ne, yawa ne.

Kuma wallahi rage wa kare abinci ya fi wuya a kan mai karen, don zai lashe kwanon ya zo ya zauna a gabanka yana kallonka kamar ka yi shekara ba ka ba shi ba, baƙi kuma su zo su ce kai wannan karen naka ai ya rame ba ka ba shi abinci ne. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne wani dogon bincike da aka yi a Amurka a kan karnukan Labrado 48, aka haɗa su bibbiyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ana ba shi kashi 25 cikin ɗari ƙasa da abin da ɗan uwansa ke ci, tun suna sati takwas har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, 13 a kan 11 da 'yan watanni, ciwon kwatangwalo da na gaɓoɓi kuma ya fi jinkirin kama su. Jaman Shefad kuwa kowa ya san kwatangwalo da gwiwar ƙafar gaba su ne lagonsa. Gado ne ke kawo lalurar, abinci ba ya goge gado, amma nauyi a kan gaɓar da ba ta gama ƙwari ba shi ke fito da abin da ke ɓoye.

Ga yadda nauyin nasa ya tafi, don na san abin da yawanci za su tambaya kenan. Duk ranar Asabar nake auna shi, in hau sikeli ni kaɗai sannan in ɗauke shi mu hau tare in cire nawa, har ya fi ƙarfin ɗauka muka koma na asibitin dabbobi. Sati 8 kilo 7.2, sati 12 kilo 12, sati 16 kilo 17 da rabi, wata shida 25, wata tara 30, shekara guda 33, yanzu yana wata goma sha huɗu 34 da ɗan kai. Ka ga tsakanin wata biyu da wata biyar fiye da kilo guda yake ƙarawa duk sati, kamar ana hura shi, daga wata shida abin ya fara ja da baya, bayan wata tara kuwa sai ka yi wata guda allurar sikelin ba ta gusa kilo ɗaya ba. Akwai wani ƙiyasi da ake yi cewa nauyin sati 16 in ka ninka biyu ka kusa da nauyin girmansa, a kansa dai ya kusa yin daidai, 35 kenan, amma ƙiyasi ne, ganin iyaye ya fi shi. Zancen a duba girman tafin ƙafa kuwa ni ban ba shi muhimmanci ba, duk ɗan Shefad a wata uku tafinsa ya fi ƙarfin jikinsa. Tsawo ya kusa tsayawa tun wajen shekara guda, santimita 63 yake a kafaɗa, abin da ya rage shi ne faɗin ƙirji da kaurin wuya, wannan kuma sai a hankali har shekara biyu zuwa uku.

Akwai lokacin da ya yi muni, in faɗa muku tun yanzu kar hankalin wani ya tashi. Wajen wata biyar zuwa bakwai baya ya fi gaba tsawo, ƙafafu zaƙo-zaƙo, jela har ƙasa, kai ƙarami, kunne ɗaya a tsaye ɗaya ya faɗi, gobe su yi musanya. Lokacin famfara ne, haƙoran nono 28 na zubewa na girma 42 na fitowa, kuma kunnen kan yi ta wasa a daidai wannan lokacin. Nan ma sai da aka sake kawo min zancen kalsiyam wai shi ke tsayar da kunne, alhali kunne guringuntsi ne ba ƙashi ba. Ban ba shi komai ba, yana wata shida da rabi duka biyun suka miƙe da kansu.

A wata na bakwai ne muka ga tashin hankali, ya wayi gari yana ɗingisa ƙafar gaba ta dama, bayan kwana biyar ta warke sai ta baya ta hagu ta ɗauka, na ce shikenan abincin nan ya cuce ni, har na fara rubuta musu saƙon masifa. Aka yi hoton ƙashi, likita ta ce wani kumburi ne da ke kama cikin dogayen ƙasusuwan karnuka masu tasowa, sunansa panosteitis, ya fi yawa a wannan irin kuma ya fi kama maza, tsakanin wata biyar zuwa shekara ɗaya da rabi, yana yawo daga ƙafa zuwa ƙafa sannan ya tafi da kansa. Maganin rage zafi ta ba shi na karnuka da hutu, ta kuma ja min kunne kar in kuskura in ba shi na mutane, irin su ibuprofen na iya illata masa ciki da ƙoda. Sau biyu ya dawo, tun wata goma ban sake gani ba. Saƙon dai na goge shi, don ba ni da hujjar ɗora wa buhun, in ma akwai mai laifi to watannin da na yi ina tozon kofi sun fi kusa.

Yawan ci a rana, sau huɗu har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu safe da yamma, kuma a haka zai zauna ko ya girma, ba zan mayar da shi sau ɗaya ba saboda karnuka masu zurfin ƙirji irinsa suna da haɗarin kumburin tumbi har ya murɗe, abin da ke kashe kare cikin 'yan awoyi in ba a yi aiki ba. Kyaftin kuwa ba ci yake ba, zuƙa yake, na taɓa duba agogo daƙiƙa 40 ya share kwano. Na sayo masa kwanon nan mai lungu-lungu a ciki, yanzu sai ya yi minti shida yana fama, kuma ba na barin sa guje-guje awa guda kafin ci da bayan ci. Sannan tunda jinin kiwo ne, kansa ba ya zama, in yara na gudu sai ya zagaye su yana son tattara su wuri ɗaya har da ɗan cizon dunduniya, to sai na riƙa ɗibar wajen giram 60 daga cikin abincin ranar ina zubawa a aljihu, da shi nake koya masa zauna, kwanta, zo nan, bari. Ƙwayar ba ta da maiƙon da ke ɓata aljihu sosai, wannan ma abin yabo ne, kuma ka ga ba a ƙara masa kalori ta bayan gida ba, don kayan kwaɗayi bai kamata su wuce kashi goma cikin ɗari na cin rana ba. Tsalle daga bayan mota, hawa da saukar bene a guje, bin keke mai nisa, duk na hana har yanzu, wuraren da ƙashi ke tsiro a ƙarshen gaɓoɓi ba sa rufewa a manyan karnuka sai tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Gashi ya yi kyau, yana sheƙi, ba ya yawan susa. Zubar gashi kam sai haƙuri, wannan ba abincin da zai hana.

Sauran ƙananan ƙorafe-ƙorafe, zif ɗin bakin buhun ba shi da ƙwari ko kaɗan, a cikin goman da na gama huɗu ne kawai suka kai ƙarshe ba su yage ba, na koma naɗe bakin ina matsewa da abin shanya sannan in saka buhun gaba ɗaya cikin roba mai murfi, ba na juye ƙwayar tsirara a robar don maiƙon na manne wa jiki ya yi ɗoyi ya lalata sabon da za ka zuba. Ƙasan kowane buhu kuma sai ka samu gari ya kai kofi biyu, ba asara ba ce tunda ina kwaɓa masa da ruwa ya cinye, amma dai. Buhu na bakwai ya zo kalarsa ta fi duhu, warinsa ma daban, Kyaftin ya shinshina ya ja baya, karen da ko takarda ka ba shi zai gwada, ranar lalacewar da ke jiki kuma da saura wata biyar. Na mayar aka canza min ba gardama, na yaba da wannan, sai dai tun daga nan duk buhun da na buɗe sai na sa hanci tukuna.

Ga masu wasu karnukan kiwon ba Shefad ba, kar ku ce tunda na yaba kowa ya ruga. Boda Koli, wanda asalinsa kan iyakar Ingila da Sukotlan ne, yawanci kilo 14 zuwa 20 yake tsayawa kuma wajen shekara guda ya gama, shi abincin matsakaitan 'yan kwikwiyo ya ishe shi, wannan ƙwayar ma ta yi wa bakinsa girma. Malinwa na Beljiyam yana tsakiya, namiji kilo 25 zuwa 30, ga shi da ƙona abinci kamar injin, a nan gara likita ya duba karen da idonsa ya zaɓa. Sannan duk mai Shefad da ya ga karensa na ci kamar hauka amma yana ramewa, kashi tuli-tuli mai haske da maiƙo, to kar ya tsaya canza buhu, akwai wata lalurar da irin ke yawan samu inda jiki ke kasa fitar da sinadaran narkar da abinci, gwajin jini ake yi a gano ta.

In za a ce in ba shi maki, tauraro huɗu cikin biyar. Na cire ɗaya saboda jadawalin nan da kofinsu da suka sa ni kitsa kare ba da niyya ba, da zif, da buhu na bakwai. Abin da ke cikin buhun kansa ban da abin cewa, kuma da zan sake ɗauko wani ɗan kwikwiyon gobe shi zan saya, sai dai a ranar zan haɗa da sikeli in jefar da kofin.

Likita ta ce mu ƙarasa wannan buhun, in ya rage kamar kwata sai mu fara gauraya masa da na manya a hankali cikin sati guda, lokacin ya shiga wata goma sha biyar. Hoton kwatangwalo ma mun sa rana, a Jamus tun daga wata 12 ƙungiyar masu irin ke ɗauka, a Amurka kuma sai kare ya cika shekara biyu ake ba da takardar ƙarshe, ita ta ce mu yi ɗaya yanzu mu ga inda muke. Ƙanina ya zo ɗazu ya tarar da shi kwance a bakin ƙofa ya tare hanya gaba ɗaya, ya tsallake shi da ƙyar yana cewa "Yaya, da ka ba shi ƙwayar nan fa da ya fi haka."